Zotero ta sauya mini salo cikin minti guda, amma gyaran manazarta ya ci yini biyu

Abu ɗaya ne ya sa nake wannan sharhi kan Zotero, manhajar adanawa da tsara manazarta, wato sauya salon manazarta. Muƙala ce mai manazarta sama da 70 da aka tsara da salon APA, sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, jerin ƙarshe kuma bisa tsarin abacada. Mujallar da za a tura wa kuwa salon Vancouver take karɓa, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci a birnin Vancouver a 1978. Duk wanda ya taɓa yin wannan sauyi da hannu ya san azabarsa. A Vancouver lamba ake ba kowane aiki gwargwadon inda ya fara bayyana, don haka idan ka cusa sabon ambato ɗaya a shafi na uku, duk lambobin da ke bayansa sai sun matsa, jerin ƙarshe ma sai an sake shi.

A Zotero, cikin Word, sai kawai ka buɗe "Document Preferences", ka zaɓi sabon salo, ka danna. Minti ɗaya bai cika ba komai ya juye. Sunaye da shekaru sun koma lambobi, inda aka ambaci 4 da 5 da 6 da 7 a jere ta haɗe su 4–7, jerin ƙarshe ya bar abacada ya bi lamba. Abin da ya fi burge ni shi ne yawan marubuta. Bugu na 7 na APA yana jero marubuta har 20, Vancouver kuwa shida na farko sannan "et al.", wato da sauransu. Ta yanke kowanne daidai, ta cire ayoyin da ke bayan harrufan farko na sunaye, ta gajarce sunayen mujallu da zarar na kunna zaɓin gajarcewar MEDLINE, rumbun bayanan muƙalolin likitanci. Wallahi a wannan gaɓar ba ni da abin cewa sai yabo, ga shi kuma kyauta ce.

Murnar ba ta jima ba. Da na buga jerin a takarda na bi shi da biro, kusan kashi ɗaya cikin uku yana da matsala, kuma tushen yawancinsu ɗaya ne: bayanan da manhajar ke jawowa daga shafukan masu wallafa. Abin da aka zuba wa manhajar shi take fitarwa.

Mafi cin rai shi ne taken muƙaloli. Shafuka da dama suna aiko da take kowace kalma da babban baƙi, alhali APA da Vancouver kalmar farko da sunaye kaɗai suke so da babban baƙi. Manhajar tana iya ɗaga ƙananan baƙaƙe su zama manya idan salo ya buƙata, amma saukar da su wani abu ne daban, domin ba ta da hanyar sanin wace kalma ce suna. Akwai zaɓin "Sentence case" idan ka danna dama a kan taken, sai dai bayan ka yi amfani da shi dole ka koma ka ɗaga sunayen ƙasashe da na mutane da hannunka. Sunayen halittu sun fi haka wahala. Plasmodium falciparum dole ya fito da rubutun tsutsa, P babba, f ƙarama, kuma hanyar yin haka ita ce ka kewaye shi da alamomin <i> da </i> a cikin filin take. Mai muƙala kan ƙwayoyin cuta ya shirya zama na awanni.

Sai sunayen hukumomi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito da marubuci "Organization WH", domin an shigar da sunan a gida biyu kamar na mutum, kalmar ƙarshe ta zama sunan iyali. Maganinsa ɗan maɓalli ne a gefen sunan da ke haɗe gidajen biyu su zama ɗaya. Haka sunaye masu "van der" ko "al-" ko "bin" sukan rabu ba daidai ba, sai an duba yadda marubucin da kansa yake rubuta sunansa.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana rikita mutane a salon APA. Sai ka ga harafin farko na sunan marubuci ya bayyana a cikin ambato ba gaira ba dalili. Dalilin shi ne mutum ɗaya ya shiga ma'ajiyarka ta Zotero da siga biyu, a wata muƙala da cikakken suna, a wata da harafi kawai, sai manhajar ta ɗauka mutum biyu ne tana ƙoƙarin bambance su. Daidaita sunan a duka wuraren, harafin zai ɓace.

Muƙalolin da aka ɗauko tun suna matakin fitowa a intanet kafin bugu ba su da lambar kundi da shafi, kuma ba sa cika kansu daga baya. Sai ka sake jawo su da lambar DOI ko PMID, wato lambobin shaidar muƙala, ka haɗe tsoho da sabo maimakon goge tsohon, don kada mahaɗin da ke cikin muƙalarka ya tsinke. Wannan shi ya fi ɓata mini rai, domin babu abin da ke nuna maka akwai giɓi sai ka gani da idonka.

Duk da haka ba zan koma aikin hannu ba. Jan tutar da take ɗora wa muƙalar da aka janye, bisa bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar irin waɗannan muƙaloli, ita kaɗai ta isa dalili.

Kada ka taɓa gyara kuskure a cikin jerin da ke Word, domin asalin kuskuren yana nan a ma'ajiya, zai sake fitowa a muƙala ta gaba. Can za ka gyara, sannan ka danna "Refresh". Kafin turawa kuma, kwafi fayil ɗin, ka danna "Unlink Citations" a kwafin kaɗai don cire lambobin ɓoye da ke rikita na'urar mujalla. Ba a dawo da wannan mataki, shi ya sa na asalin zai zauna a ajiye har masu bita su dawo da gyare-gyarensu. Kuma ko da salon yana ɗauke da sunan mujallar, ɗauko muƙaloli uku daga fitowarta ta baya-bayan nan ka gwada waƙafi da aya da yadda take rubuta DOI, domin mujallu sukan sauya ƙa'ida ba tare da fayil ɗin salon ya bi su nan take ba.