Zoben Rage Ƙiba: Sharhin Wadda Take Ɗauke da Shi Tun 2014

Mata da yawa sukan ja ni gefe a gidan biki ko a wurin aiki su tambaye ni a hankali, "Yaya, don Allah aikin nan da aka yi miki yana yi kuwa?" Amsata ɗaya ce: yana yi, muddin akwai likita kusa da ke wanda ya iya duba zoben, kuma za ki iya kai kanki gare shi duk tsawon zaman abin a jikinki. In babu wannan likitan, ki riƙe kuɗinki. Na rubuta wannan sharhi ne domin a tsaye bakin ƙofa ba na samun lokacin yi musu bayanin dalili.

Zoben na robar silikon ne mai laushi. Ana ɗaura shi a can saman tumbi, ƙasa kaɗan da inda maƙogwaro ya haɗu da shi. Ba a yanke ko'ina a tumbin, ba a kuma taɓa hanji. A cikin zoben akwai wata 'yar jaka mai kumbura, daga ita siririn bututu ya taho har zuwa wani maɓalli da ake ɗinkewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan maɓallin likita yake sa allura ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan ya saki. Nawa samfurin Lap-Band ne mai ɗaukar mililita 10. A Beljiyam aka fara sa irinsa ta ƙananan huji a 1993, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 2001.

Lokacin da na yanke shawara nauyina ya haura kilo 120, ga ni ba doguwa ba. Ma'aunin ƙiba da likitoci suke lissafawa da tsawo da nauyi ya wuce 40, wanda a ƙa'idar lokacin ya isa a yi wa mutum tiyata ko da ba shi da wata cuta, balle ni da nake shan maganin hawan jini. Abin da ya fi damuna gwiwoyina ne. Ban kai shekara arba'in ba amma a kan kujera nake sallah. Na zaɓi zobe a kan sauran ayyukan saboda ina tsoron a yanke mini tumbi, saboda an ce ana iya cire shi, kuma saboda ni da maigida muna fatan ƙarin haihuwa. A Alkahira aka yi aikin, a wani asibiti mai zaman kansa.

Tiyatar da jinyarta ba su da wani dogon labari, kuma nan ne zoben ya fi cancantar yabo. Kafin aikin an sa ni mako biyu ina cin abinci kaɗan maras mai da sitaci don hanta ta rage girma, domin sai an ɗaga ta kafin a kai ga saman tumbi. Aikin kansa wajen awa ɗaya ne, huji biyar ƙanana. Da yammar ranar aka tashe ni in taka, don gudun daskarewar jini a ƙafa. Ciwon da ban zata ba a kafaɗar hagu ya fito, saboda iskar da suke hura wa cikin don su ga inda suke aiki. Ya tafi da kansa cikin 'yan kwanaki. Hujin da aka dasa maɓallin shi ya fi daɗewa yana zafi, musamman in zan sunkuya ko in tashi daga kwance. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai: romon kaza da aka tace, kunu tsararo, madara, nono maras kauri. Daga nan aka koma abin da aka niƙa luƙui, kamar dankali da wake da kifi, sannan mai taushi, sannan abincin kowa.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa kowa tun kafin ta kwanta a gadon tiyata. Ana sa zoben ne kusan babu ruwa a ciki. Rashin yunwar makon farko kumburin aiki ne, yana saɓewa yunwa take dawowa yadda take a da. Sai bayan mako 4 zuwa 6 ake ƙarin ruwa na farko, kuma da wuya na farkon ya isa. Ana ƙarawa ne kaɗan-kaɗan, a duba, a sake ƙarawa, har a dace. To lokacin da nawa ya isa ƙari, ni ina Kaduna, likitan da ya yi aikin yana Masar.

A nan wahalar zoben take ga irinmu. Ba kowane likita ne ya taɓa ganin wannan maɓalli ba, kuma ba da allurar da aka saba ake huda shi ba. Akwai tasa ta musamman mai lanƙwasasshen baki wadda ba ta gutsurar robar maɓallin. In aka yi ta amfani da ta gama-gari sai ya fara yoyo, a koma tiyata don canza shi. Na yi ta cigiya kafin a haɗa ni da wani likitan fiɗa a wani gari, tafiyar yini guda zuwa da dawowa. Mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, amma nisa yana lalata tsarin. Wadda take kusa da asibiti za a ƙara mata rabin mililita ta dawo bayan wata guda a gani. Wadda ta zo daga nesa kuwa, ita da likitan duk sun san ba za ta dawo da wuri ba, sai a ƙara da ɗan yawa don tafiyar ta biya. Akwai ƙarin da aka yi mini wanda a asibitin na sha ruwa ya wuce lafiya, amma washegari ko yawuna ba na iya haɗiyewa. Haka maigida ya sake ɗauko mota muka koma aka zuƙe.

Farfesa Paul O'Brien na Jami'ar Monash a Ostareliya, wanda ya daɗe yana bincike a kan zoben, ya kasa matsinsa gida uku da launi. Rawaya: ruwa ya yi kaɗan, kina jin yunwa, kina cin da yawa. Ja: ya matse fiye da kima, ga amai, ga ƙwannafi, ga tarin dare. Kore shi ne tsakiya, inda ɗan abinci yake isarki ki yi awanni ba ki tuna da ci ba. Na zauna a koren na tsawon lokaci, kuma ina shaida cewa gaskiya ne. Tunanin abinci da yake bina tun ina budurwa ya kwanta. Sai dai tsakanin kore da ja wani lokaci bai wuce 'yan ɗigo ba, kuma jiki yana canzawa. Da safe zoben ya fi matsi, da dare ya saki. Lokacin al'ada yana matsewa, haka in ina mura, ko na shiga jirgin sama, ko raina ya ɓaci.

Cin abinci da zobe sabon karatu ne. Saman tumbin ya zama kamar mazurari, duk loma sai an matsa ta ta wuce ƙaramar kafa kafin ta gaba ta zo. Don haka loma kada ta wuce kan babban yatsa, a tauna har ta zama ruwa, a dakata kamar minti guda, in an yi minti 20 a ture kwanon ko da saura. In aka yi gaggawa abincin ya maƙale, za ki ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an danna miki dutse, yawu mai yauƙi ya cika baki, idanu su kawo ruwa, har sai lomar ta wuce ko ta dawo. Shan ruwa a kai ƙara dagula abin yake yi.

Abincinmu kuwa kowanne da halinsa. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa yana wucewa in lomar ƙarama ce kuma miyar ta wadata. Sabon burodi, gurasa da ɗanwake suna dunƙulewa su toshe. Shinkafa sai ta dahu sosai. Kilishi da tsire na haƙura da su, soyayyen naman layya kuma shi ne ya fi ba ni wuya, har na koma dambun nama da farfesu a lokacin babbar sallah. Mangwaro mai zare da ɓawon cikin lemo su ma a yi hattara. Abin da ya fi ba ni takaici a tsarin zoben shi ne, abincin da jiki yake bukata shi yake wahalar wucewa, wanda yake sa ƙiba kuwa ba ya ko tsayawa gaisuwa. Fura da nono mai suga, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, lemon kwalba, alawar madara, cincin, duk suna zarcewa. Idan zobe ya yi matsi da yawa, mutum yakan guje wa nama da ganye ya koma waɗannan ba tare da ya lura ba, sai a ga ana amai kuma nauyi yana hawa. Duk wadda ta ga haka, a rage mata ruwa ya kamata, ko da zuciyarta tana ce mata a ƙara.

Cikin mutane ma akwai nasa nauyin. A wurinmu ƙin cin abincin gidan wani ba ƙaramin abu ba ne. Surukata, Allah ya saka mata da alheri, ta daɗe tana cewa, "'Yar nan, ko dai girkin ne bai yi miki ba?" Sai da na zaunar da ita na ce, "Hajiya, taɓa nan ki ji," ta taɓa maɓallin da hannunta, daga ranar ita take hana mutane matsa mini. Ina ganin gara a faɗa wa na kusa gaskiya. Masu cewa an bi hanya mai sauƙi ba su taɓa tashi daga tsakiyar taro da hannu a baki ba.

Azumi yana yiwuwa, ina kuma yi, amma da shawarar likita, kuma shekarar farko ban yi sai na rama. Bayan yini guda babu ruwa zoben yakan matse, don haka da ruwan ɗumi nake buɗe baki, in ɓare dabino in tauna shi sosai, in sha kunu, sai bayan magariba in ci abinci a nutse. Ƙosai da zafinsa a kan yunwa hanya ce ta maƙalewa. Sahur ya fi wuya tunda lokacin matsi ne, shi ya sa nake yin sa da nono, ƙwai mai taushi da ruwa mai yawa.

Abin da na samu ba kaɗan ba ne. Cikin shekara biyu na sauke kusan kilo 30, a hankali, ba irin zubewar da ake gani bayan yankan tumbi ba. Wannan ya yi daidai da abin da binciken O'Brien na shekara 15 ya nuna a 2013, wato a jimlace mutane suna rabuwa da kusan rabin ƙibar da ta yi musu yawa. An rage mini maganin hawan jini, na daina minshari, na koma sujada da goshina a ƙasa. Gashina ya ɗan zube a watannin farko ya dawo, fatar hannu da ta ciki kuma ta saki, ba ta koma ba. Da na samu ciki, bayan na jira wata 18 kamar yadda aka ce, an zuƙe ruwan saboda laulayi, na haihu lafiya, aka mayar daga baya. Babu wani aikin rage ƙiba da yake ba da wannan dama, kuma ina gode wa Allah da ita.

Daga baya ne matsala ta zo. Na fara farkawa cikin dare ina tari, ruwa mai tsami yana hawowa har hanci. Aka ba ni wani farin ruwa na sha aka ɗauki hoto, aka ga saman tumbin da ƙasan maƙogwaro sun buɗe saboda daɗewa cikin matsi. An zuƙe ruwan gaba ɗaya na tsawon watanni, kuma a wannan tsakanin kusan rabin abin da na sauke ya dawo. Nan na fahimci cewa zoben riƙe yunwa yake yi, ba ya kashe ta. Nawa ma da sauƙi. Akwai waɗanda zoben yake zamewa tumbi ya turo ta cikinsa, akwai waɗanda yake cin bangon tumbin ya shige ciki, akwai masu juyewar maɓalli ko tsinkewar bututu. Alamun da ba a kwana da su a gida: kasa haɗiye ruwa, amai ba tsayawa, ciwon ciki mai tsanani, ko wurin maɓallin ya yi ja ya kumbura. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saye a kemis ba tare da tunani ba, an ce in nisance su saboda suna ƙwarzar tumbi.

Likitocin duniya ma sun ja baya da shi. A Amurka a 2011 zobe ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na ayyukan rage ƙiba, zuwa 2018 ya koma wajen kashi 1, yankan tumbi ya maye gurbinsa, ɗaya daga cikin manyan samfuran ma, Realize, an daina sayar da shi a 2016. Dalilin shi ne yawan waɗanda ake sake yi wa tiyata bayan shekaru. Wannan yana nufin masu iya kula da shi raguwa suke yi, mu da muke ɗauke da shi kuwa muna nan. Ga kuma kuɗi: sa'ad da aka yi mini aiki dala ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500, komawa Alkahira don dubiya ta zama abin da sai an sayar da kadara.

Saboda haka wadda take zaune a inda asibitin masu wannan aiki yake kusa, ba ta son a yanke mata komai, tana da haƙurin taunawa da zuwa dubiya, zoben zai iya yi mata amfani kamar yadda ya yi mini. Wadda za ta hau jirgi a sa mata ta dawo gida, ban ba ta shawara ba. Kafin ki biya ko sisi, ki samu likitan da zai riƙa ƙara miki ruwa, ki je ki gan shi ido da ido, ki tambaye shi ko yana da allurar, ki kuma san asibitin da za a kai ki in abin ya toshe da tsakar dare. Ki tambayi likitanki game da yankan tumbi da kuma alluran rage ƙiba irin su Wegovy, waɗanda ba su fito ba a lokacina.

Ni dai yanzu ruwan da ke cikin nawa kaɗan ne, nauyina yana ƙasa da na 2014 da kilo goma sha wani abu, ƙwannafin ya lafa amma bai tafi duka ba. Likitana ya ce in hoto na gaba ya nuna maƙogwaron bai koma daidai ba, cirewa za a yi, sannan mu zauna mu tattauna ko za a yi wani aikin a madadinsa. Na amince da hakan, kuma mun fara tara kuɗin.