Hattara da masu cewa "mu haɗa maka jirgin, kai dai ka sa hannu"

Jama'a, masu burin mallakar ƙaramin jirgin sama na haɗin gida a Amurka, ku buɗe ido. Akwai masu sayar da kayan haɗin jirgi da ke jan mutane da romon baka: ka biya kuɗin kaya da na aiki, su haɗa jirgin tsaf a wurinsu, ka je ka ɗaure 'yan kusoshi a ɗauke ka hoto riƙe da sifana, sannan ka sa hannu cewa kai ka ƙera shi. Suna kiran wannan taimako. Damfara ce, kuma mai saye ne ke kwana ciki.

Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, tana ba jirgin haɗin gida takardar izinin tashi a rukunin jiragen gwaji bisa sharaɗi guda mai nauyi: mafi yawan aikin ƙerawa da haɗawa ya zama na mutanen da suka yi shi don koyo ko don sha'awa kawai. Shi ne abin da ake ce wa dokar kashi 51. Ba laifi ƙwararre ya tsaya a kanka ya koya maka, kuma akwai wuraren da ke yin haka da gaskiya. Amma duk aikin da aka biya wani ya yi da hannunsa ba ya shiga lissafinka. Ranar neman takarda kuwa, fom mai lamba 8130-12 kai za ka cika, ka rattaba hannu a gaban mai shaida, kana tabbatar da cewa ka cika wannan sharaɗi. Sunan mai shagon ba ya cikin rantsuwar. Yi wa hukumar tarayya ƙarya a rubuce laifi ne da kan kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5. Ko ba a je can ba, jami'in da ke duba jirgin zai nemi littafin aikinka, inda ka rubuta yadda ka haɗa jirgin, da hotuna, ya yi maka tambayoyi kan yadda ka haɗa fiffike ko layin mai. In ka kasa amsawa ya ƙi sa hannu, ka tashi da jirgin da ba shi da izinin barin ƙasa.

Idan ka matsa wa masu sayarwar, sai su sauya zance: "Ai wannan ƙaramin jirgin nishaɗi ne, dokar kashi 51 ba ta hau kansa ba." Rabin gaskiya ke nan, kuma da ita suke cin mutane. Rukunin ƙananan jiragen nishaɗi da FAA ta buɗe a 2004 yana da hanyar da ake kira E-LSA, wato ƙaramin jirgin nishaɗi na gwaji, inda kamfani kan iya yin kusan dukan aikin. Sai dai hanyar tana da nata ƙa'idoji. Dole kamfanin ya riga ya ƙera irin wannan samfuri an ba shi takarda bisa ma'aunin ASTM, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ingancin kayayyaki, ya ba ka shaidar hakan a fom 8130-15, kai kuma ka haɗa jirgin daidai da umarninsa ba ƙari ba ragi. Mai sayarwar da ya kasa nuna maka wannan takarda ba shi da E-LSA da zai sayar maka, komai kyan fentin jirginsa.

Wasu yanzu suna fakewa da sabuwar dokar FAA ta 2025 kan ƙananan jiragen nishaɗi, mai suna MOSAIC, wai ta share komai. Ta cire iyakar nauyi ta fam 1,320, wato kilo 600, ta faɗaɗa rukunin. Amma ga jirgin haɗin gida, sharaɗin haɗa mafi yawan jirgi da hannunka yana nan daram. Haka mai tallar tsohon jirgi mai kujera biyu mara rajista yana cewa sauya shi zuwa E-LSA abu ne mai sauƙi: an rufe wannan ƙofa tun 31 ga Janairu, 2008.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba takardun ba ne. Wanda aka rubuta a matsayin mai ƙera jirgi yana iya karɓar izinin duba lafiyar jirgin da kansa kowace shekara, saboda an ɗauka ya san shi ciki da waje. Ga kuma awannin gwajin tashi, galibi 25 ko 40 gwargwadon injin da farfelar da aka sa, kafin a soma yawo da jirgin. Binciken da NTSB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, ta yi a 2012 ya nuna cewa hatsarin irin waɗannan jirage ya fi yawa a farkon rayuwarsu, kuma mutuwar inji na cikin manyan dalilai. To ina ga mutumin da bai san yadda aka ja bututun mai a jirginsa ba, ya hau shi karon farko, daga baya har ya ɗauki matarsa ko ɗansa?

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko dala ɗaya, duba ko kayan haɗin suna cikin jerin waɗanda FAA ta tantance, jerin yana shafinta kyauta. Nemi a rubuta maka dalla-dalla wane aiki ne naka, wane ne nasu. Idan jirgi ne haɗaɗɗe, saka lambar rajistarsa, mai farawa da N, a rumbun FAA ka ga sunan mai shi da rukuninsa, ka kuma karanta takardar sharuɗɗan tashinsa, domin jirgin gwaji ba a ɗaukar fasinja ko kaya da shi don kuɗi. EAA, ƙungiyar masu haɗa jirage da sha'awar tashi, tana da rassa da masu ba da shawara na sa kai da suka haɗa jirage da hannunsu. Kai wa ɗayansu yarjejeniyar ya karanta. In mai sayarwa ya ce ba sai wani ya gani ba, ko ya ce su za su cika maka littafin aikin, ka riƙe kuɗinka ka sanar da ofishin FAA na yankinku.