Shagon haɗa takardu a Tawa: abin da na gani cikin makonni bakwai

Ɗan ƙanwata ya yi niyyar shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, kuma da yake mahaifinsa ya rasu, ni na ɗauki nauyin haɗa masa takardun da ake kira dosiye. Wannan hidima ce ta kai ni wani ƙaramin shago da ke kusa da ofisoshin gwamnati a nan Tawa, inda ake kwafin takardu, ana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, ana kuma tsara wa mutane wasiƙar neman aiki.

Kafin in san shagon na riga na sha wahala. Na fara da takardar kotu wadda ke shaida cewa mutum ba shi da laifi, wato kaziye, da takardar likita, saboda su ne masu saurin samuwa, ban kula ba cewa ba a karɓarsu idan sun wuce wata 3. Daga baya wani ofishi ya mayar mini da dosiyen gaba ɗaya, domin a takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifin yaron Aboubacar, a takardar makaranta kuwa Boubacar. Suna ɗaya ne, kowa a Adar, wato yankinmu na Tawa, ya san haka, ma'aikacin da ya mayar da ni shi ma ya sani, amma ya ce sai an gyara. Gyaran ya ci lokaci har kaziyen ya mutu, kuma tun da daga kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓo shi, sai da yaron ya sake tafiya jihar Maraɗi da kuɗin mota na biyu.

Mai shagon ya shimfiɗa takardun a kan tebur, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce: "Baba, da ka fara zuwa nan, da na ce ka bar kaziye sai ƙarshe." Ya rubuta mini jerin da ya kamata a bi: a daidaita suna a takardar haihuwa, da ita a nemi takardar zama ɗan ƙasa, a yi kwafin kowace a kai a buga mata hatimin tabbatarwa, sannan a je ga masu gajeren wa'adi. Ya faɗa mini wadda ke buƙatar tambur, wato kan sarki na haraji da ake manna wa takarda, da wadda ba ta buƙata, ya kuma gargaɗe ni kada in bar komai zuwa Juma'a, ranar da ofisoshi ke tashi da wuri. Bai karɓi ko dala ba a kan wannan shawara, alhali ita ce ta ceci dosiyen. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, duk wannan bayani bai wuce shafi guda ba, kuma a ofisoshi huɗu da na shiga ban ga inda aka manna shi a bango ba.

Wasiƙar neman shiga jarrabawa dole ne a rubuta ta da hannu, da Faransanci. Kundin da ke matsayin tsarin mulkin Nijar, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2025, ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma tsohuwar da na tarar a shagon tana neman hukuncin kotu a madadin takardar haihuwar jikanta ba ta iya karanta ko layi ɗaya na abin da za ta dangwala wa yatsa ba. Mai shagon ya fassara mata shi da Hausa a tsanake, ya kuma shaida mata cewa dokar 2019 ta ba da kwana 60 na rajistar jariri, don kada a sake makara a kan ƙanen yaron.

Shagon yana da nasa aibi. Ba a rubuta farashi ba, sai an tambaya. Wurin ya yi ƙunci, mata na tsayawa a rana saboda benci ɗaya ne. Idan aka ɗauke wuta, injinsa ba ya iya tayar da na'urar kwafi da kwamfuta a lokaci guda. Wanda ya fi damuna shi ne kwafin takardun mutane da suka lalace, ɗauke da hotuna da ranakun haihuwa, ana zuba su a kwali a bakin ƙofa. Na yi masa magana, ya ce zai riƙa ƙona su kowace yamma.

An karɓi dosiyen saura kwana biyu a rufe, yaron kuma yana jiran ranar da za a kira su Yamai.