Batirin Pylontech US3000C: tsadarsa a shago da kuɗin da zai ci cikin shekara goma

Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit, gidaje da shaguna da yawa suka koma sola. Abin da ya fi cin kuɗi a sola kuwa batir ne. Farantan sola kan yi shekara ashirin ko fiye suna aiki, inbata mai kyau kan kai takwas zuwa goma, amma batir shi ne ake saye a sake saye. Don haka kafin a ce wani batir ya yi tsada ko ya yi araha, sai an haɗa kuɗin sayensa da na ɗora shi, da wutar da yake zubarwa, da kulawar da yake nema, da sau nawa za a canza shi, sannan a cire abin da za a samu in an sayar da gawarsa. A kan wannan ma'auni za mu ɗora US3000C, mu gwada shi da batirin ruwa na tubula mai 12V 200Ah wanda aka fi sani a kasuwanninmu.

Kamfanin Pylontech na Shanghai ne ke ƙera shi. Batirin litiyom ne nau'in LiFePO4, mai 48V da 74Ah, wato yana riƙe wuta 3.55kWh (kWh ɗaya shi ne yunit ɗaya), kuma ana iya shan kashi 95 cikin 100 nata, kusan 3.37kWh. Nauyinsa kilo 32, akwatin ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da ake jerawa a kan kanta ɗaya bisa ɗaya, har guda 16 a rukuni guda. Takardar kamfani ta ce yana yin caji da saukewa fiye da sau 6,000 a yanayin zafi na digiri 25. A cikinsa akwai allon da ake kira BMS, wanda ke sa ido kan kowane ƙwayar batir, ya yanke wuta in caji ya yi yawa, ko an ja fiye da ƙima, ko zafi ya wuce iyaka.

A ɗauki gidan da ke shan 4.5kWh kowane dare: fankoki, fitilu, talabijin, firji ɗaya. Tubula huɗu masu 200Ah a jere suna ba da 9.6kWh a rubuce, amma batirin dalma irin tubula ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya daɗe, saboda haka 4.8kWh ne na amfani. Wannan gida da ƙyar ya ishe shi. A ɓangaren Pylontech guda ɗaya ya yi kaɗan, sai biyu, masu ba da 6.7kWh. Ke nan gwajin gaskiya shi ne US3000C biyu da tubula huɗu.

Zafi shi ne babban abin da masu sayarwa ba sa kawowa cikin magana. Ƙa'idar da aka sani a kan batirin dalma ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage rayuwarsa da rabi. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu zafi kan haura 40 a waje, kuma ɗakin da ake ajiye batir galibi shi ne mafi ƙarancin iska a gidan, ga inbata na ƙara masa ɗumi. Shi ya sa tubular da aka yi wa alƙawarin shekara biyar yake fara gajiya a shekara ta biyu ko ta uku. Litiyom ma zafi na tsufar da shi, kuma wannan adadi na 6,000 na digiri 25 ne. In ana caji sau ɗaya a rana, 6,000 ya haura shekara 16, abin da bai kamata mai lissafi ya dogara da shi ba a yanayinmu. Shekara goma, wato caji 3,650, shi ne adadin da ya dace a yi aiki da shi, tare da sanin cewa ƙarfinsa zai riƙa raguwa a hankali. Rarar da ke tsakanin 6.7 da 4.5 ita za ta shanye wannan raguwa.

To, cikin shekara goma, in tubula na yin shekara biyu da rabi, za a saye shi sau huɗu, batir 16 ke nan. In an kula da shi sosai ya yi shekara huɗu, sau uku ne, batir 12. Sai dai kuɗin da za a kashe nan da shekara biyar bai kai nauyin wanda za a fitar yau ba, domin kuɗin da ya rage a hannu yana iya juyawa a kasuwa. Wannan lissafi ya fi kyau a yi shi da dala, tunda duk batiran nan farashinsu dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin shekara goma da naira ba ya tsayawa. In aka rage darajar kuɗin gaba da kashi 10 cikin 100 a shekara, saye huɗun nan daidai yake da kuɗin batir kusan 11 da rabi a yau, saye ukun kuma kusan 8 da rabi. A raba kowanne biyu, tunda US3000C biyu ake gwadawa da su. Sakamakon shi ne: in farashin US3000C ɗaya bai kai kuɗin tubula huɗu ba, ya fi araha ko da tubular ya samu kulawa mafi kyau. In ya haura kuɗin tubula shida, ribar ta tafi. Tsakanin huɗu da shida kuwa, abin da zai yanke hukunci shi ne zafin ɗakin da kuma ko akwai mai kula da ruwan batir. Mai saye ya tambayi farashin duka biyun a rana ɗaya, ya auna da wannan. Wanda kuma da bashin banki zai saya, ya tuna cewa Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, kuma irin wannan ruwa yana cinye kaso mai yawa na ribar litiyom.

Akwai asarar da ba ta fitowa a rasit. Batirin dalma yana mayar da kusan kashi 80 na wutar da aka zuba masa, litiyom kuma kusan 95. Domin a samu 4.5kWh da dare, tubula na buƙatar kusan 5.6kWh da rana, Pylontech kuma 4.7. Bambancin ya kusa yunit ɗaya kullum, wato aikin ƙarin farantin sola mai 250W, ko yunit sama da 3,000 cikin shekara goma. Inda abin ya fi zafi shi ne gidan da ke caji da janareta ko da wutar NEPA mai zuwa awa uku ta tafi. Tubula mai 200Ah kusan 20A ake ba shi, kuma bayan ya kai kashi 80 sai ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu yana shan wuta kaɗan-kaɗan kafin ya cika. In ba a bar shi ya cika ba kwana da kwanaki, gishirin dalma ya daskare a kan farantansa, ƙarfinsa ya ragu, kuma ba ya dawowa. US3000C yana karɓar 37A, ya cika cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma zama a rabin caji ba ya cutar da shi. A ganina wannan ne babban abin da ya fi tubula da shi, fiye ma da yawan shekarun.

Kulawa kuma: tubula na son a duba ruwansa duk wata a lokacin zafi, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, domin ruwan famfo ko na leda yana ɗauke da ma'adinan da ke lalata farantai. Ana goge farin tsatsar da ke taruwa a kan kawunan da ake ɗaura waya, a shafa man jeli, a kuma bar ɗakin da iska saboda iskar gas ɗin da yake fitarwa tana kama wuta. Pylontech ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai kakkaɓe ƙura. Amma akwatinsa IP20 ne, ba ya hana ƙurar hunturu ko feshin ruwa shiga, don haka ba a ajiye shi a baranda.

Yanzu ga inda yake da rauni, kuma duk suna da kuɗi a bayansu.

Na farko, 37A ɗin nan iyaka ce ta fitar da wuta ma. A 48V, kusan 1.8kW ke nan ga kowane ɗaya. Yana jure 74A na minti ɗaya, da 90A na daƙiƙa 15. Inbata mai 5kW in ta ɗauki cikakken lodi tana jan fiye da 100A, saboda haka guda uku take buƙata. Wanda ya haɗa ɗaya tal da irin wannan inbata, ya kunna injin jan ruwa na rijiyar burtsatse ko na'urar sanyaya ɗaki, BMS zai riƙa yanke wuta, kuma yana ajiye tarihin duk lokacin da aka ja fiye da ƙima. Wannan tarihi shi ake dubawa in an kai ƙorafin garanti. Tubula ba ya yin wannan gardama, yana ba da wutar tayar da mota mai nauyi ba tare da ya yanke ba.

Na biyu, ƙwayoyinsa 15 ne, alhali yawancin batiran litiyom masu rubutun 51.2V ƙwaya 16 ne. Cajinsa tsakanin 52.5V da 53.5V yake. Mai haɗawar da ya saba sa 56V ko sama, ko ya bar inbata a saitin batirin ruwa mai kaiwa 57V zuwa 58V, zai sa batirin ya riƙa kukan caji ya yi yawa, kuma in aka daɗe a haka ƙwayoyin na iya kumbura. Maganin shi ne a haɗa wayar sadarwa ta CAN ko RS485 domin batirin da kansa ya riƙa gaya wa inbata abin da yake so. Jerin wayoyin cikin wannan kebul ya bambanta daga inbata zuwa inbata, ba kowace wayar intanet ce ke yi ba. A tabbatar inbatar tana cikin jerin da Pylontech ya amince da su kafin a biya kuɗi. Mai inbata 24V kuwa dole ya canza ta gaba ɗaya, kuma wannan kuɗi ya shiga lissafi.

Na uku, ƙananan kaya. Dogayen wayoyin da ke zuwa inbata galibi daban ake sayar da su, kuma saiti ɗaya kusan 100A yake ɗauka, don haka in batiran sun yi yawa sai an ƙara saiti da sandar tagulla ta haɗawa. Ga fis ko bireka na DC, ga kantar jera su, ga wayar ƙasa. In batirin ya sauka ƙasa gaba ɗaya, littafinsa ya ce a caja shi cikin awa 12, in kuma ajiye shi aka yi a riƙa caja shi duk wata shida. Gidan da ake rufewa a yi tafiya a bar inbata kunne ba tare da sola ba yana iya rasa batirin ta wannan hanya.

Na huɗu shi ne ƙarshen rayuwa da gyara. Mataccen tubula yana da kasuwa, 'yan gwangwan na sayensa saboda dalmar cikinsa, kuma wannan kuɗi yana rage wani abu daga sabon saye, sai a cire shi daga lissafin da ke sama. Mataccen litiyom kusan ba shi da mai saye. Haka nan in allon BMS ya ƙone, sanadin tsawa ko haɗa waya a juye, ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa shi ba. Garantinsa shekara 7 ne, ana ƙara shi zuwa 10 in an yi rajistar lambarsa, amma amfaninsa ya dogara ga dillalin da zai karɓi kayan ya bi maka hakkinka. A nemi rasit mai ɗauke da lambar kowane batir, a kuma sa a jona kwamfuta a duba adadin cajin da ya taɓa yi, domin akwai tsofaffin da ake gogewa a sayar a matsayin sababbi.

US3000C ya dace da gida, kemis ko ƙaramin asibiti da ke sauke batir kowane dare, mai inbata 48V da ke magana da shi, kuma mai iya sayen aƙalla biyu a lokaci guda. Wanda ke kan layin da wuta ke samuwa awa 20, batirinsa ba ya sauka sai jefi-jefi, ba zai taɓa cin moriyar dubban cajin da ya biya kuɗinsu ba, tubula mai kyau a ɗaki mai iska ya ishe shi. Haka mai injin niƙa ko walda, wanda lodinsa ke fizgar wuta lokaci guda: adadin US3000C da zai buƙata domin ya jure fizgar ya fi abin da wutar darensa ke nema, kuma a nan lissafin ya koma gefen tubula ko babban batirin litiyom mai jure 100A zuwa sama shi kaɗai.