Lauyan caji ofis na kyauta: inda yake da amfani da inda yake gazawa

Tsarin PDSS (Police Duty Solicitor Scheme) shi ne wanda ke tura lauya caji ofis ya tsaya wa wanda aka kama ba tare da mutumin ya biya ko kwabo ba. Hukumar Legal Aid, mai ba da taimakon lauya kyauta ga marasa ƙarfi, ita ce ke tafiyar da shi tare da rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma a 2017 aka gyara umarnin rundunar mai lamba 20 don lauyoyin su samu ganin waɗanda ke tsare. Da yawansu matasan lauyoyi ne masu bautar ƙasa, sai 'yan sa-kai. Aikin yana da kyau, amma kusan duk amfaninsa ya taru ne a sa'a guda: lokacin ɗaukar sitatimen.

Dalili kuwa shi ne ladabin Bahaushe yana yi masa illa a gaban mai bincike. An raine shi a kan kada ya musa wa babba, kada ya kalle shi ido cikin ido, kuma idan rai ya ɓaci ya ba da haƙuri ko da shi ke da gaskiya. Sai IPO, wato ɗan sandan da ke binciken ƙarar, ya ce, "Kai ne ka ɗauki babur ɗin ko?" Mutumin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Shi yana neman wuta ta lafa ne. A takarda kuwa, da Turanci, sai a rubuta cewa ya roƙi gafara, wanda a kotu ke kama da amsa laifi. Haka "to" take. "To" tana nufin na ji, ba lallai na yarda ba, amma alƙalami ba ya jin wannan bambanci.

Mafi haɗari ita ce tambayar da ke ɗauke da korewa. "Ba ka shiga gidan ba?" Ya ce "E", wato e, ban shiga ba. Idan aka juya wannan "e" zuwa Turanci ita kaɗai, ta koma kishiyar abin da ya faɗa. Akwai kuma matar da alkunya ta hana ta ambaci sunan mijinta ko ɗanta na fari, sai a ɗauka tana ɓoye mai laifi. Lauyan da ya san aikinsa a nan yake cin kuɗinsa, duk da wanda aka kama ba ya biyansa: ya dakatar, ya nemi a sake tambayar a miƙe, ya tabbatar an rubuta cikakkiyar jimlar da mutumin ya furta.

Doka tana bayansa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, a sashe na 17, ta tanadi ɗaukar bayani a gaban lauya ko jami'in Legal Aid, kuma idan mutum ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta, tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da sa hannunsa. Sashe na 15 ya yi maganar ɗaukar furucin amsa laifi a bidiyo. Jihohi suna da tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Sai dai yin shiru a gaban babba abu ne mai nauyi a al'adarmu, ana ganinsa raini. Yawancin mutane ba sa iyawa sai akwai wani a gefe da zai ce, "Malam, kana da damar ka dakata."

Inda tsarin ke gazawa a fili yake. Lauyoyin ba su kai yawan ofisoshin ba, ƙauyuka kuwa da wuya su gan su. Kame da tambayoyi kuma ba sa jiran gari ya waye, sai lauya ya iso ya tarar an riga an dangwala babban yatsa. Daga nan abin da ya rage sai a kai ga kotu a ƙalubalanci furucin a ƙarƙashin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011, hanyar da ke cin watanni mutum yana gidan gyaran hali. Matsala ta biyu: mai bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, komai ƙwazonsa, idan ba ya jin Hausa ba zai kama wancan "e" ba, balle idan tafintan ma ɗan sanda ne na ofishin. Wajen beli dai suna ƙoƙari, domin da lauya a tsaye ba a cika neman "na goro" ba.

Ga dangin wanda aka kama: da zarar kun isa kantar caji ofis, ku tambaya ko akwai lauyan PDSS a ofishin, in babu ku kira ofishin Legal Aid na jiharku. Ku tambaya ko yana jin Hausa. Ku nemi a fara rubuta bayanin da Hausa kafin a fassara shi, a karanta wa mutumin layi-layi, a ja layi a kan duk filin da ya rage a ƙasan takardar, sannan ya sa hannu.