Wata takwas da motar da allo ke juya ta

Ƙirar 2020 ce, 'yar Amurka, ta Kwatano ta shigo. A kan titi ba ni da ta cewa. Kano zuwa Kaduna na yi ya fi a ƙirga, ba ta shan mai kamar wadda na rabu da ita, maiɗakina kuwa kafin mu kai Kwanar Ɗangora ta yi barci. Da a nan zancen ya tsaya, tauraro biyar zan ba ta.

Allon nan na gaba shi ne damuwata. Sanyi, rediyo, kyamarar baya, duk a cikinsa suke, ba maɓalli ko ɗaya da za ka murɗa da hannu. Layin da aka dasa a cikinta na can ne, a nan bai san kowa ba, don haka da intanet ɗin wayata nake haɗa ta. Wata ranar Asabar cikin zafin Afrilu ta nuna min cewa sabuwar manhaja ta sauka, in danna ta ɗora. Na danna a ƙofar gida. Minti ashirin abin yana jan ƙafa, inji na ta cin mai da tsadar nan, sai na kashe injin na bar wuta kawai. Ya kai kashi 62 ya tsaya cak. Allo ya yi baƙi ƙirin, ya kawo tambarin kamfani, ya sake ɗaukewa, haka ya wuni.

Mota tana tashi, tana tafiya, amma ba sanyi. Ka zauna a cunkoson Kofar Nassarawa da gilashi a ƙasa, a cikin motar da ka zuba miliyoyi! Bakanikena ya leƙa ya girgiza kai: "Alhaji, wannan ba aikin sifana ba ne." Ya tura ni Kofar Ruwa wajen wani yaro mai kwamfuta. Yaron ya soka na'urarsa a ramin OBD, wato ramin binciken lafiyar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, ya auna batir, ya ce ya yi rauni, wutar ce ta faɗi ana tsakiyar ɗora manhajar. To, na yarda da nawa laifin. Amma motar da ta san ƙofa ba ta rufu sosai ba, ta kasa sanin batirinta ba zai kai ba kafin ta fara? Wannan ya tsaya min a rai har yau.

Kwana tara aka yi. Sai da aka nemo fayil ɗin da ya dace da lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, aka ɗora ta filashi, ga kuɗin sabon batir. Dillalin da ya sayar min kuwa cewa ya yi shi mota ya sayar, ba waya ba.

Ba zan ɓoye ba, tun daga nan Bluetooth ya daina yankewa. Amma rediyo har yanzu tsallen Amurka yake, 99.3 zuwa 99.5, duk tashar da ta faɗo tsakani, kamar 99.4, ba ya kama ta. Zafi ma ya koma ma'aunin Fahrenheit, na wayi gari tana ce min 104. Tauraro uku, kuma don inji ne.

Makon jiya wani saƙon ya sake fitowa. Kullum da safe ina danna "sai an jima".