Hita mai tanki da marar tanki: wacce ta dace da gidan iyali?

Malam, ka tambaya ko za ku cire tsohuwar hitarku mai tanki ku sa marar tanki, a gida mai mutum shida da bandaki biyu. A ganina, wayar wutar gidan da yawan masu wanka a lokaci guda su ne za su yanke hukunci, kafin a zo maganar ragin kuɗin wuta.

Mai tanki tana dafa ruwa a hankali ta ajiye, galibi da kilowat 2 zuwa 3. Marar tanki ba ta ajiye komai, sai an buɗe famfo take zafafa ruwan yana wucewa. A nan gizo ke saƙa. Shawa ɗaya mai zubar da lita 8 a minti, in ana son ƙara wa ruwan zafin digiri 25, tana cin kusan kilowat 14. Kamar a jona butar lantarki bakwai ne a tare. Gidaje da yawa wayarsu ba za ta ɗauka ba sai an sake ta, kuma wannan aikin ne ke sa kuɗin girkawa ya haura. Da zarar an buɗe shawa ta biyu, zafin ya rabu, kowa ya samu ruwa mai ɗumi-ɗumi. Mai aiki da gas ta fi ƙarfi, sai dai dole a fitar mata da bututun hayaƙi waje, domin hayaƙin kan kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Alherin marar tanki kuwa ba kaɗan ba ne. In bi da bi ake wanka, ruwan zafi ba ya yankewa, na shida zai samu abin da na farko ya samu. Da tanki, na ƙarshe a layi ya san sauran. Marar tanki tana lafe a bango, tana iya shekara 20, mai tanki kuwa 10 zuwa 15.

Ragin wuta gaskiya ne, amma ana zuzuta shi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari ga gidan da bai wuce lita 155 na ruwan zafi a rana ba. Gidan da ke cin ninkin haka, 8 zuwa 14 ne kawai, kuma mutum shida sun fi kusa da nan.

In wuta ta ɗauke, tanki zai riƙe zafinsa na awoyi, marar tanki kuwa nan take ta mutu. Haka in ruwan famfo ba shi da ƙarfi, ba ta ma tashi. Inda ruwa ke barin farin ɓawo a buta, sai an wanke cikinta duk shekara.

Ni dai a gidanku zan tsaya ga tanki babba, sai in da gas. Kafin ka sayi komai, kira mai aikin wuta ya duba nauyin da mitarku da wayarku za su iya ɗauka.